Shekarar Da Awaki Suka Shiga Koleji

A bakin ƙofar wata koleji da ke gefen garin Matamaye nake suyar awara, tun kafin a zagaye makarantar da katanga. Malamai sun zo sun tafi a gabana, masu hankali da waɗanda aka rage wa, amma ban ga na biyun Mushe Munkaila ba. Mushe dai daga Faransanci ne, haka muke kiran ma'aikacin makaranta namiji. Shi ne surbeyan, wato mai tsayawa a ƙofa da dorina yana kama yaran da suka makara. Dogo ne, mai ƙaton agogo, kuma ba a taɓa ambatar wani aiki a duniya ya ce bai iya ba. In ana zancen mota, ya taɓa gyara ta wani babban mutum a hanyar Yamai. In ana zancen ciwo, shi ya nuna wa likita inda zai yanka. Ranar da mata suka yi zancen naƙuda a kusa da shi ma sai da ya gyara murya.

Wata shekara ba da nisa ba, bayan an gama girbi, saƙo ya zo daga sama cewa ma'aikatan kowace makaranta su rabu ƙungiya-ƙungiya, kowace ta kama wani aiki na gyaran muhalli. Saƙon ya zo da wutsiya. An ce ma'aikata sun yi yawa a nan, za a ɗauke mutum ɗaya a kai shi wata sabuwar makaranta can bayan Yauri, ƙauyen da sai ka hau tudu waya take kamawa.

Direkta Abdulrazak mutum ne mai tsoron ɓacin ran jama'a, ko kaza ce ta shiga ofishinsa sai ya jira ta fita don kanta. Ya ce shi ba zai zaɓi kowa ba. Mutum uku ne ake iya ɗaukewa, kowanne ya ja ƙungiya ɗaya. Babban baƙo zai zo daga Damagaram ya duba, wanda aikinsa ya fi lalacewa shi zai ɗaure kaya.

Mushe Rabi'u mai koyar da lissafi ya ɗauki dashen itatuwa. Madam Sadiyya ta ɗauki shara da tsintar leda. Munkaila ya bari suka gama, sannan ya miƙe ya ce shi garka zai yi, wato lambu, a tsakiyar makaranta, salati da kabejin da muke ce wa shu da tumatir, irin garkar da masu fadamar Kance za su riƙa zuwa kallo suna komawa gida da kunya. Kowa ya san shekarun da ya kwashe yana yawo a makarantun daji kafin ya samu a dawo da shi gidan ubansa. Ga majalisarsa ta shayi, ga mai tsire da ya san yankansa. In akwai abin da yake tsoro a duniya, komawa daji ne. Amma a bakinsa Rabi'u kawai yake tausaya wa, wai babur ɗin Rabi'u ba zai iya rairayin bayan Yauri ba.

Filin makarantar nan kuwa rairayi ne zalla, ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta fito. Dole sai da taki. Rabi'u ya ba shi shawara ya sa kowane ɗalibi ya zo da taki cikin bokiti daga gida. Munkaila ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce wannan dabarar masu lissafi ce. Kakanninsa ba su taɓa ɗaukar taki a ka ba. In sun kwashe amfanin gona, Bafulatani suke kira ya kwantar da garkensa a ciki, shanu su ci kara su bar abin da suka bari. Shi ma haka zai yi, takinsa da ƙafarsa zai zo.

Ya hau babur ya shiga daji neman ruga. Makiyaya duk sun yi kudu, bai samu kowa ba sai wani tsoho da saniya ɗaya mai tari. Da wani ne da ya haƙura. Munkaila sai ya kira mai shela ya zagaya unguwa da lasifika: duk matar da ke da akuya ko tunkiya ta koro ta koleji da safe, za a tsare mata ita har la'asar, kyauta.

Lokacin kuwa mazan unguwa sun watse ci rani, wasu Kano, wasu Legas, sun bar wa mata yara da dabbobi. Akuya a rani masifa ce, ta ci maka tuwo ta shiga gidan maƙwabta ta jawo maka faɗa. Da muka ji shela ba mu tsaya tambaya ba. Ni ma na kora nawa, don ban ga dalilin da zan bari wata ta fi ni wayo ba.

Da safe Munkaila ya tsaya a ƙofa da dorinarsa, ɗalibai ta dama, awaki ta hagu, yana cewa a yi layi. Ɗalibai suka yi, awaki suka bi ta tsakanin ƙafafunsa. Da suka shiga suka duba gabas suka duba yamma, babu abin ci sai dashen Rabi'u, ƴan mangwaro da zogale da ya jera a gindin katanga yana ba su ruwa safe da yamma kamar jarirai. Kafin a kaɗa ƙarfen shan iska sun zama tsinke. Bunsurun Shekara, wata dattijuwar unguwa da mijinta ke sayar da ruwa a Legas, ya shiga ajin Madam Sadiyya ya hau benci, ya cinye taswirar Afirka daga ƙasa har zuwa Agadas. Yara ba su taɓa jin daɗin darasi kamar ranar ba.

Rabi'u ya zo da wani tsinken mangwaro a hannu, idonsa ja.

"Mushe Munkaila, sababbin ɗalibanka sun cinye mini aiki."

"Ba su cinye ba, ajiya suka yi maka. Gobe za su dawo da shi ta baya, ka ga wanda za ka sake dasawa sai ya fi wannan kyau."

"To kai ma in cinye maka albashi, in dawo maka da shi ta nan ɗin?"

Munkaila ya ce ai matsalar masu lissafi ke nan, ba su hangen nesa. Rabi'u ya juya ya bar shi nan. Ya kwashe ƴan dashen da suka rage cikin gwangwanayensu, ya sa tsani ya jera su a kan rufin aji.

Da la'asar Munkaila ya zagaya filin, hannu a baya, yana kallon ƴan baƙaƙen ƙwayoyi warwatse a rairayi kamar mai kallon zinariya. Ya buɗe ƙofa don mu kwashi dabbobinmu. Muka shigo, kowace da tsintsiya da kwano.

Abin da Munkaila ya manta, ko bai taɓa kula ba don shi ɗan albashi ne, shi ne wannan. A garinmu kowane gida akwai tsibin taki a bayan turken awaki. Duk rani mace tana share shi tana tarawa. In maigida ya dawo ci rani gab da damina, kafin ya tambayi lafiyar yara sai ya leƙa tsibin nan, don shi zai loda a amalanke ya kai gona. Wadda tsibinta bai taka kara ya karya ba za ta sha magana har girbi. To wace mahaukaciya ce za ta bar akuyarta ta wuni tana zubarwa a gidan gwamnati?

Muka duƙa muka kama shara. Munkaila ya sha gaban Shekara.

"Inna, me kuke yi haka?"

"Kayanmu muke kwashewa, Mushe."

"Wannan kayan makaranta ne."

"Makaranta ce ta haifi akuyar?"

"A filinmu ta zubar."

"To in ɗiyata ta haihu a zaurenka, ɗan naka ne?"

Kafin ya samo amsa mun share filin tas, har da ɗan rairayin sama don kada a yi asara.

Washegari ya zo da sabuwar hujja. Ya ce ya gano inda aka yi kuskure: awakin ba su ci komai nasa ba, shi ya sa ba shi da bakin magana. In shi ya ciyar da su, abin da ya fito nasa ne, ko gaban alƙali aka je. Matarsa Kande ta tafi biki Tsauni za ta kwana biyu, sai ya hau rufin ɗakinta ya sauko da harawar da ta tara wa tumakinta tun kaka, ya loda a amalanke ya kawo makaranta.

Labari ya bazu cewa yanzu har abinci ake bayarwa a koleji. Mata suka fara zuwa daga unguwannin da shela ba ta kai ba. Wani tsoho ya kawo jakinsa, ya ce ai shi ma yana yi, nasa ma ya fi auki. Malamai suna koyarwa da ƙofa a rufe, yara suna karatu, tumaki suna amsawa daga waje. Da la'asar muka zo muka yi wa Munkaila godiya sosai, muka ce awaki har sun fara sheƙi, Allah ya saka da alheri. Sannan muka duƙa muka share.

Munkaila ya kai ƙara wurin Direkta. Direkta ya saurare shi, ya saurari Shekara, ya ce lalle kowa yana da gaskiya, ya shiga ofis ya sa sakata.

Mu ma a tsakaninmu ba a rasa rigima ba. Shekara ta ce ta san kashin awakinta ko cikin dubu, nasu ya fi girma, don haka duk manyan nata ne. Mariyama maƙwabciyarta ta ce tun da harawa ɗaya suka ci babu wani babba babu ƙarami, sai dai in bunsurun Shekara hatimi yake bugawa. Har aka ja zane. Munkaila ya shiga rabo yana fatan a ba shi kason mai sulhu, ya fito da shatin tsintsiya a wuya.

Daga nan ya ce tun da ƙasa ce ke jawo gardama, ba zai bari abin ya taɓa ƙasa ba. Madam Sadiyya da ƙungiyarta sun sha rana sun tsince ledar makaranta da ta bakin hanya, sun cusa a buhuna sun ajiye a wani ɗaki don a nuna wa baƙo. Munkaila ya buɗe ɗakin, ya raba wa ɗalibai leda da zare, ya ce kowace akuya a ɗaura mata ɗaya a ƙarƙashin wutsiya. An wuni ana kokawa. Wadda aka samu aka ɗaura wa, ƴar'uwarta ta bi ta baya ta cinye ledar. Waɗansu suka tsorata da abin da ke kaɗawa a bayansu, suka riƙa zagaya azuzuwa a guje. Jakin ya harbi wanda ya matso shi. Kafin azahar ledar da aka tara ta koma inda aka tsinto ta, har da ƙari.

Shekara ta aiko masa cewa in cikin bunsurunta ya kumbura saboda leda, ya tanadi abin da zai faɗa wa mai ruwan Legas. Madam Sadiyya kuwa ta tsaya a ƙofar ɗakin da babu komai, ta dube shi sama da ƙasa.

"Mushe, saura rijiyar makaranta. In ka samu lokaci gobe ita ma ka gyara mana ita."

Matasan malaman da aka haɗa shi da su a ƙungiya tun ranar suka daina gaishe shi a fili. Ɗaya ya ce haƙori ke damunsa, ɗaya ya koma taya Rabi'u hawa tsani.

Ana gobe baƙo zai zo, garkar Munkaila ko kunya ɗaya ba a ja ba. Amma ya ce a majalisa baƙon mai ilimi ne, ba sai ya ga salati ba. In ya ga fili baƙi ƙirin da taki zai gane an kafa tushe. Da la'asar, bayan yara da malamai sun fita, ya ja ƙofar ƙarfe ya sa kwaɗo daga ciki. Ya leƙo ta saman katanga ya sanar da mu cewa awaki suna cikin horo, babu mai fita sai baƙo ya zo ya gani da idonsa. Ya zuba musu sauran harawar duka, har da buhun dusar da ya tarar a ɗakin girkin Kande.

Ƴaƴan awakin da aka bari a gida suka kwana kuka, uwayensu suna amsawa daga koleji. Gari bai yi barci ba. Hantsi bai ɗaga ba ƙofar makaranta ta cika da mata, kowace da tsintsiya da kwano, waɗansu da taɓarya. Ɗalibai da malamai duk suna waje. Direkta ma yana waje, yana ta share gumi yana ce wa kowa a yi haƙuri. Ni dai ban taɓa sayar da awara da wuri kamar ranar ba.

Sai ga motar baƙo. Ya fito, wani Alhaji mai jiki, da sanda, yana tafiya kamar ƙasa za ta fashe. Munkaila ya bayyana a saman katanga cikin farar shadda, ya yi masa barka da zuwa da Faransanci mai tsawo. Sannan ya nuna masa tsanin Rabi'u da ya jingina a waje, ya ce don kiyaye aikin kimiyya ba a buɗe ƙofa yau, ranka ya daɗe sai dai ka hawo ta nan.

Baƙo ya dubi tsanin, ya dubi cikinsa, ya dubi Direkta. Direkta ya matsa gindin katanga ya ce da ƙaramar murya, "Munkaila, don girman Allah."

Munkaila ya sauka ya ce zai buɗe, amma daidai faɗin mutum ɗaya. Ya manta faɗin wane mutum. Yana ƙara buɗewa don Alhaji ya samu shiga, bunsurun Shekara ya sa kai. Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Awakin da suka kwana ba su shayar ba suka fito kamar an ɓalle dam, tumaki a bayansu, jaki a ƙarshe yana kuka. Direban baƙo ya janye ubangidansa bayan mota. Munkaila da ke riƙe da ƙofa suka bi ta kansa, farar shaddar nan ta koma kalar abin da ya kwana yana tarawa. Dabbobi na gama fita muka shiga.

Sai da ƙura ta lafa baƙo ya taka ciki. Abin da ya gani shi ne matan gari cike da fili, tsofaffi da masu goyo, kowace a duƙe tana shara kamar za a ba ta kyauta, har ana ture juna a kan wurin sharewa. Ya tsaya ya jingina da sandarsa. Ya ce ya zagaya makarantu da yawa, bai taɓa ganin inda iyaye mata suka rungumi tsaftar makaranta haka ba. Ya tambaya wa ke da ƙungiyar shara.

Madam Sadiyya ta gyara mayafi ta matso. "Muna dai ɗan ƙoƙari, ranka ya daɗe."

Da aka zo kan itatuwa Rabi'u ya nuna sama. Baƙo ya ɗaga kai ya ga gwangwanaye jere a rufin aji, ganye kore shar. Ya ce bai taɓa ganin daji a kan kwano ba, amma dai suna da rai, a sauko da su. Sannan ya ce saura garka.

Munkaila ya taso yana ɗingishi, hula a hannu, ya kai shi tsakiyar fili. Rairayi fari fes, har da zanen tsintsiya. Ya fara bayani cewa a nan salati zai zauna, can tumatir, kuma da baƙo ya yarda ya hau tsani da ya ga abin mamaki. Baƙo ya ce shi dai a nuna masa ko abu ɗaya da hannu zai taɓa. Munkaila ya waiga. Mata duk sun nufi ƙofa, sai wata a baya da hijabi har ƙasa, ɗauke da kwanon da ya fi na kowa cika. Ya ruga ya kama bakin kwanon, ya ce wannan dukiyar makaranta ce, a gaban hukuma yake faɗa, ba za ta fita da shi ba.

Matar ta juyo. Kande ce.

"Baban Firdausi, sake mini kwano."

"Kande, me ya kawo ki cikin waɗannan?"

"Harawata ta kawo ni. Na dawo na tarar da rufin ɗaki kamar an yi aski, tumakina suna cin katanga. Wannan da ka gani harawata ce da dusata, na zo in kwashi abin da ya saura. In ka ƙara ja, a kanka zan juye."

Ya saki. Baƙo ya tambayi ko wace ce, Shekara ta amsa daga bakin ƙofa cewa matarsa ce, ranka ya daɗe, ita ce ma ta fi mu iya shara.

Direkta bai sha wahalar zaɓe ba. Mu dai mun yi abin da ya kamata, muka haɗu muka je ofishinsa muka roƙa a bar mana Munkaila, don tun da aka kafa makarantar ba a taɓa kawo ma'aikacin da ya amfani unguwa kamarsa ba. Direkta ya ce muna da gaskiya, ya sa sakata. Kande ta ce ita ba inda za ta, wani ya zauna ya tsare abin da ya rage a gidan. A majalisa Munkaila ya ce baƙon ne da kansa ya roƙe shi, wai yankin Yauri na bukatar ƙwararre.

Ranar kasuwa ya ɗaure katifa da butar shayi a bayan babur ya tafi. Mai amalanken da ya kai masa sauran kaya shi ya dawo mana da labari. Ashe mata masu kai kuka da daddawa kasuwar Yauri sun riga shi isa da zancen. Tun daga bakin ƙauyen ya tarar da mata a jere, kowace da akuya a igiya da tsintsiya a hammata. Wata tsohuwa ta tare babur ɗin, ta leƙa fuskarsa, ta leƙa kayan da ya ɗauro.

"Kai ne Mushen awakin? Sannu da hanya, ɗana. Harawar tana baya ne?"